FC United of Manchester: ƙanwar Manchester United ce ko kishiyarta?

Wani ɗan'uwa mai goyon bayan Manchester United ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure a gidan kallonmu. Na ga wata ƙungiya wai ita FC United of Manchester, jar riga take sawa irin tamu. Wani ya ce ƙaramar ƙungiyar Man U ce inda ake renon yara, wani ya ce ba haka ba ne. Mene ne asalinta, a wace gasa take bugawa, kuma me ta taɓuka a 'yan shekarun nan?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya ce ba haka ba ne shi ya ci gardamar. Babu takarda ko sisin kwabo da ya haɗa ƙungiyoyin biyu. Abin da ya haɗa su mutane ne, domin waɗanda suka kafa FC United magoya bayan Manchester United ne na gani-kashe-ni, irin waɗanda kakanninsu ma a Old Trafford suka tashi. Fushi ne ya fitar da su daga gida a 2005, suka je suka kafa tasu. Don haka in dole sai an ba ta suna a dangi, ba ƙanwa ba ce, 'ya ce da ta yi yaji ba ta dawo ba.

A watan Mayun 2005 attajirin Amurka Malcolm Glazer, mai ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta ƙwallon Amurkawa, ya mallaki mafi yawan hannun jarin Manchester United a cinikin da ya kai kusan fam miliyan 790. Sayar da ƙungiya ba baƙon abu ba ne a Ingila. Yadda aka yi sayen ne ya tunzura mutane. Yawancin kuɗin rance ne, kuma aka ɗora bashin da ya haura fam miliyan 500 a wuyan ita kanta ƙungiyar, wadda kafin nan ba ta da wani bashin a-zo-a-gani. Kamar mutum ne ya zo sayen shagon da ke ciniki a Kantin Kwari da kuɗin banki, ya ba da shagon jingina, sannan ya ce daga aljihun masu sayayya za a riƙa biyan kuɗin ruwa. Masu sayayyar a nan su ne 'yan kallo.

Amma kada ka ɗauka Glazer ne ya fara ɓata musu rai. Sun daɗe suna ƙorafi: kuɗin tikiti na hawa kowace shekara, gidajen talabijin na sauya ranakun wasa da lokutansa yadda suka ga dama, an cire wuraren tsayuwa inda talakawa ke rera waƙa an maye gurbinsu da kujeru. Tun lokacin da kamfanin BSkyB na Rupert Murdoch ya nemi sayen ƙungiyar a 1998, wanda gwamnatin Birtaniya ta hana a 1999, wasu suka fara zancen cewa in ta kai ta kawo za su kafa tasu. Kuma sun ga wanda ya riga su: magoya bayan Wimbledon sun kafa AFC Wimbledon a 2002 bayan an amince a kwashe ƙungiyarsu daga Landan a kai ta Milton Keynes. Da Glazer ya ci nasara, aka yi tarurruka a cikin birnin Manchester, aka yi karo-karo, kafin ƙarshen watan Yuni ƙungiya ta tsaya. Suka ɗauki Karl Marginson a matsayin koci, suka yi shelar gwajin 'yan wasa, mutum kusan 900 suka nemi shiga, aka tace aka fitar da 17.

Kafin in shiga sakamako bari in bayyana maka tsanin ƙwallon Ingila, don in ba ka san shi ba ba za ka gane nisan tafiyar ba. Gasar Firimiya ce mataki na ɗaya da ƙungiyoyi 20. Ƙarƙashinta akwai Championship, League One da League Two, kowacce da 24, jimilla ƙungiyoyi 92 na ƙwararru. Mataki na biyar shi ne National League, na shida ya rabu gida biyu, Arewa da Kudu, daga nan ƙasa rukunonin sai ƙara yawa suke suna ƙanƙancewa zuwa na yanki-yanki. Duk a haɗe suke, wanda ya yi ƙoƙari ya hau, wanda ya yi sanyi ya gangaro. A matakai na shida da bakwai da takwas yawancin 'yan wasa ƙwallo ba ita kaɗai ce sana'arsu ba. Ana ba su ɗan abin da ba a rasa ba duk mako, amma da safe wannan birkila ne, wancan mai gyaran famfo, wancan malamin makaranta. Atisaye sau biyu a mako da daddare, galibi Talata da Alhamis, wasa ranar Asabar. Kada ka raina su. Jamie Vardy, wanda Ahmed Musa ya tarar a Leicester a 2016, daga nan ya fito, yana aiki a masana'anta yana buga wa Stocksbridge Park Steels. A kakar 2010/11 ma yana Halifax, a rukuni ɗaya da FC United, kuma Halifax ɗin ce ta lashe rukunin.

FC United ta fara ne daga mataki na goma, a rukuni na biyu na gasar North West Counties, inda mutum ɗari a bakin fili babban taro ne. Ba su da fili, sai suka yi haya a Gigg Lane na ƙungiyar Bury. Ka hango ƙungiyar ƙauye da ta saba ganin 'yan kallo hamsin da kare ɗaya, ranar Asabar ta ga dubban mutane da jajayen tutoci sun cika mata gari suna waƙa tun daga tashar jirgin ƙasa. A kakar farko kimanin mutum 3,000 ke zuwa wasanninsu na gida, kuma a Afrilun 2006 mutum 6,023 suka kalli wasansu da Great Harwood Town, a mataki na goma fa. Sun lashe rukunin a 2006, suka lashe na samansa a 2007, a 2008 suka zo na biyu a mataki na takwas suka haye ta wasan cike gurbi. Hawa uku a shekara uku. Tauraronsu a lokacin Rory Patterson ne, wanda daga baya ya buga wa tawagar ƙasar Ireland ta Arewa.

Sai dai ka tuna me ke faruwa a ɗaya gefen birnin. A wannan shekara ta 2008 ne Manchester United ta doke Chelsea a Mosko ta ɗauki kofin Zakarun Turai, da Ronaldo da Rooney da Tevez. Masu yaji suna murnar hayewa mataki na bakwai, gidan da suka bari yana ɗaga kofi mafi girma a nahiya. An yi musu dariya sosai a lokacin, wasu tsofaffin abokan zamansu a Old Trafford har maciya amana suka kira su. Yawancinsu kuma ba su daina son Manchester United ba. Abin da suka ƙi shi ne kuɗinsu ya shiga biyan bashin Glazer.

Daga 2008 tafiya ta yi nauyi. Shekara bakwai suka yi a babban rukunin Northern Premier League, wato mataki na bakwai, kuma abin takaicin ba wai ba su iya ba ne. Sau uku a jere suka kai wasan ƙarshe na cike gurbi suka faɗi: Colwyn Bay ta ci su 1-0 a 2011, Bradford Park Avenue ta ci su 1-0 a ƙarin lokaci a 2012, Hednesford Town ta ci su 2-1 a 2013. A 2014 ko wasan ƙarshen ba su kai ba, Ashton United ta tare su a na kusa da shi. Sai a 2015 suka ɗauki rukunin kai tsaye ba tare da cike gurbi ba.

A tsakiyar waɗannan shekaru ne aka yi daren da har gobe shi ake ba yara labari. Ranar 5 ga Nuwamba 2010, zagayen farko na kofin FA, suka je gidan Rochdale wadda ke League One, wato mataki huɗu sama da su, kuma ana nuna wasan kai tsaye a talabijin. Suka zura biyu, Rochdale ta farke duka biyun, kowa ya fara lissafin sake karawa. Ana daf da busa tashi mai tsaron ragar Rochdale ya faɗa kan ƙwallo, Mike Norton ya sa ƙafa ya zare ta daga hannunsa ya gangara da ita raga. In ka tambaye ni, alƙalai tara cikin goma za su busa laifi a wannan ƙwallo. Na ranar bai busa ba. Aka tashi 3-2. A zagaye na biyu suka je Brighton ta Gus Poyet, wadda ke jan ragamar League One a lokacin, suka gama wasa da mutum goma, golansu Sam Ashton ya tare fenareti a ƙurarren lokaci, aka tashi kunnen doki 1-1. A karawa ta biyu a Gigg Lane Brighton ta nuna musu ruwa ba sa'an kwando ba ne, ta ba su 4-0, amma mutum 6,731 suka shiga kallo, adadin da ba su sake tarawa a gida ba. Brighton ɗin nan dai ita ce wadda kake kallo a Firimiya yanzu.

To yanzu ga inda nake ganin zuciyar labarin take. Tun ranar farko sun rubuta wa kansu dokoki. Ƙungiyar ta mambobi ce, kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi ko nawa ya zuba. Mambobi ke zaɓen shugabanni, su ke yanke kuɗin tikiti. Ba a raba riba. Ba a sa tallar kamfani a gaban riga, abin da ko ƙungiyar unguwa a Ingila ba ta cika ƙi ba. A 2009 har suka fito da tsarin tikitin shekara na "biya gwargwadon ƙarfinka". Ko Eric Cantona, tsohon tauraron Manchester United, da ya yanki katin zama mamba a 2025, ƙuri'arsa ɗaya ce, daidai da ta direban bas. A wajenmu da yawancin manyan ƙungiyoyi irin su Kano Pillars, Katsina United da El-Kanemi Warriors na gwamnatocin jihohi ne, kuma walwalarsu ta dogara da ra'ayin wanda ke kan kujera, wannan tsari zai zo maka baƙo. Yana da daɗin ji. Yana kuma da tsada, kuma a teburin gasa ake biyan kuɗinsa.

Dubi batun fili. Haya a Gigg Lane na cinye musu kuɗi, don haka suka ƙudura gina nasu. Da farko sun so Newton Heath, unguwar da aka haifi Manchester United a 1878, amma majalisar birnin ta janye daga shirin a 2011. Suka koma Moston a arewacin birnin, wasu mazauna unguwar suka kai ƙara kotu, aka sha jeka-ka-dawo kafin a fara gini a ƙarshen 2013. Filin, Broadhurst Park, wanda aka buɗe yana ɗaukar mutum 4,400, ya ci fiye da fam miliyan 6. Kusan fam miliyan 2 daga ciki magoya baya ne suka tara ta hanyar sayen hannun jarin al'umma, wanda ba ya ƙara wa mai shi ƙuri'a. Sauran ya fito daga tallafi da rance. Hatta matattakalar da 'yan kallo ke tsayuwa a bayan raga kwance ce, daga tsohon filin Northwich Victoria aka kwaso ta aka sake kafawa. Suka buɗe filin ranar 29 ga Mayu 2015 da wasan sada zumunta da wata tawagar Benfica ta Fotugal, kuma ba a banza suka zaɓi ranar da abokiyar karawar ba: 29 ga Mayu 1968 ne Manchester United ta doke Benfica 4-1 a Wembley ta ɗauki kofin Turai na farko. Baƙin suka ci 1-0, ba wanda ya damu.

Da labari ne na tatsuniya, a nan za a ce ƙurunƙus: ga kofi, ga sabon fili, ga mataki na shida, duk a shekarar cika goma da kafuwa. Amma daga nan ne gida ya fara tsami. Muddin ana fafutukar gina fili, tsintsiya maɗaurinta ɗaya. Da aka shiga filin sai ga bashi da za a biya, ga kuɗin gudanarwa, ga tambayoyi kan yadda ake kashe kuɗi da ɗaukar ma'aikata. Har ƙarin kwabo hamsin da aka yi a kan farashin mujallar ranar wasan Benfica ya zama rigima, domin wasu na ganin irin kasuwancin da suka gudo wa ne ya biyo su. A Nuwamban 2015 aka mayar da wasansu na kofin FA da Chesterfield daren Litinin saboda talabijin, shugabannin ƙungiyar suka nuna ba su so, hukumar ƙwallon Ingila ta ce dokar gasa ce, wasu magoya baya suka ƙaurace wa rabin farko na wasan. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ka shiga gasar da talabijin ke ɗaukar nauyi, ba kai ke zaɓen rana ba. Chesterfield ta ci 4-1. A 2016 Andy Walsh, babban manaja kuma ɗaya daga cikin jagororin kafa ƙungiyar, ya ajiye aiki, shugabanni da dama suka bi bayansa. A Oktoban 2017 Marginson ya tafi bayan shekara 12.

Kaka huɗu suka yi a National League North, wato rukunin Arewa na mataki na shida, ba su taɓa ƙarewa cikin goman farko ba, kuma a 2019 suka gangaro mataki na bakwai ƙarƙashin Neil Reynolds, wanda ya karɓi ƙungiyar kakar ta riga ta yi nisa cikin matsala.

In kana son ka ga abin da kuɗi ke yi a wannan mataki, ba sai ka je nesa ba. Salford City maƙwabciyarsu ce. A 2014 Ryan Giggs, Paul Scholes, Nicky Butt da Gary da Phil Neville suka saye ta, attajirin Singafo Peter Lim ya shigo da rabin jari, David Beckham ya biyo baya a 2019. A kakar 2014/15 Salford na mataki na takwas, ƙasa da FC United. A 2019, shekarar da FC United ta faɗo mataki na bakwai, Salford ta haye League Two. Tsofaffin 'yan wasan Manchester United da kuɗinsu a gefe guda, tsofaffin 'yan kallon Manchester United da ƙuri'unsu a ɗaya gefen, tazarar mataki uku a cikin shekara huɗu.

Wani zai ce ai AFC Wimbledon ma ta magoya baya ce, amma ta kai League Two a 2011, shekara tara da kafuwa. Gaskiya ne, sai dai bambancin a fili yake. Su 'yan Wimbledon an ɗauke musu ƙungiya ɗungurungum, ba su da wani wurin zuwa, kusan dukkansu suka koma sabuwar, kuma tun farko sun karɓi tallar riga. Su kuwa 'yan FC United, Old Trafford na nan daram da mutum fiye da 70,000 kowane wasa. Yaron da ya tashi a Manchester yau, wanda bai san Mayun 2005 ba, sai an yi masa dogon bayani kafin ya gane dalilin da zai je Moston kallon birkiloli. Shi ya sa 'yan kallon da suka haura 3,000 a kakar farko a sabon fili suka sauko ƙasa da 2,000 a shekarun baya-bayan nan, ko da yake a mataki na bakwai wannan ma babban taro ne da ƙungiyoyi da yawa ke mafarkinsa.

Game da sakamakon 'yan shekarun nan da ka tambaya: kakar 2019/20 suna cikin na sama-sama a tebur, ana hangen komawa, sai annobar korona ta zo aka soke kakar baki ɗaya kamar ba a buga ba. Ta 2020/21 ma ba a kammala ta ba. A Nuwamban 2020 sun sake kai zagayen farko na kofin FA, BBC ta nuna wasan, Doncaster Rovers ta ci su 5-1 a filin da babu ɗan kallo ko ɗaya, wanda ga ƙungiyar da ƙarfinta muryar jama'a ne ya fi cin biyar ɗin ciwo. Daga nan har zuwa ƙarshen kakar 2024/25 suna nan a babban rukunin Northern Premier League, ba hawa ba sauka. A 2024 aka rabu da Reynolds, Mark Beesley ya gaje shi.

Kofunan da suka ɗauka a wannan tsakani daga waje suka zo. Akwai wata gasa mai suna Fenix Trophy da aka ƙirƙiro don ƙananan ƙungiyoyin Turai masu tarihi ko aikin al'umma na musamman, da amincewar UEFA. FC United ce ta ɗauki na farko a Yunin 2022 a Rimini ta Italiya, bayan ta doke Prague Raptors 2-0, ta kuma sake ɗauka a 2024 a kan wannan ƙungiyar dai. Ni dai ba zan kira shi babban kofi ba, gasar gayyata ce. Amma ɗan wasan da ya nemi izini daga wurin aiki ya hau jirgi ya je buga wasan ƙarshe a Italiya, ba za ka gaya masa ba komai ba ne.

Ra'ayina, tunda ka kira ni Malam dole in faɗa: a fagen ƙwallo FC United ta kai iyakar abin da tsarinta zai iya ɗauka, wato tsakanin mataki na shida da na bakwai. Hawa sama da haka yana buƙatar 'yan wasan cikakken lokaci, wannan kuma yana buƙatar ko attajiri ko tallar da suka haramta wa kansu. A fagen hujja kuwa lokaci ya gaskata su. Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, kofin Firimiya bai sake komawa Old Trafford ba, bashin na nan, a Mayun 2021 magoya baya suka kutsa cikin fili har aka ɗage wasan Liverpool, kuma ko bayan attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe ya sayi kusan kashi 28 cikin ɗari a 2024, iyalan Glazer ne ke riƙe da mafi rinjaye. Abin da kuke ƙorafi a kansa a gidan kallo duk ranar da aka ci ku, shi waɗannan mutanen suka hango tun ana cin kofuna.

In kana son ka riƙa bibiyarsu, ba za ka same su a tashoshin da ke nuna Firimiya ba. Suna da gidan rediyonsu na intanet wanda 'yan sa-kai ke gudanarwa, suna sa taƙaitaccen hoton wasanni a YouTube, sakamako kuma na fitowa a shafinsu da na gasar Northern Premier League. Yawancin wasanninsu ranar Asabar ne ƙarfe uku na rana agogon Ingila, wato ƙarfe huɗu agogon Najeriya da Nijar daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watanni kuma ƙarfe ukun ne daidai. Ka gaida mutanen gidan kallo, ka ce wa wanda ya ce wurin renon yara ne ya biya kuɗin shayi.